Jan Layi a Filin Goggo

A Damagaram na koyi zanen gine-gine, na dawo Diffa da tsohuwar kwamfuta da zumuɗin mai sabuwar sana'a. Na kama ɗan shago a bayan kasuwa, kusa da layin masu tattasai, inda baƙo ba ya zama minti kaɗan sai ya fara atishawa. Aikina shi ne in zana wa mutum fasalin gidan da yake son ginawa, in buga masa a takarda, ya kai meri, wato ofishin magajin gari, neman izinin gini.

Manhajar da nake aiki da ita, wadda mu ƴan makarantar Faransanci muke kira lojisiyel, wani mutum ne da ya dawo daga Maiduguri ya sa mini ita. Da Ingilishi take magana, ni kuwa Ingilishina na kasuwa ne. Idan ta yi fushi sai ta buɗe ƙaramin akwati a tsakiyar allo ta rubuta abin da ban cika ganewa ba. Kuma da ƙafa take awo, ba da mita ba, sai ka tuna ka sauya mata kafin ka ja layin farko. Duk da haka mun saba da juna, kamar mutum da jakinsa mai gardama.

Goggona, yayar mahaifina, a wani ƙauye na bakin kogin Kumadugu ta yi rayuwarta, can wajen Bosso. Bayan rasuwar mijinta ita ta ci gaba da riƙe gonar tattasai, har shekarar da aka kai hari aka ƙone garin. Ta iso Diffa da ƙullin kaya ɗaya a ka, muka ba ta ɗaki a gidanmu. Shekaru ta yi a ɗakin nan. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma ba ta taɓa kiransa ɗakinta ba. Kullum sai ta ce "ɗakinku".

Babban ɗanta taubashina ne, ya girme ni, kuma tun muna yara bawansa yake kirana. Shi Allah ya buɗa masa a cinikin tattasai. Yana saye daga hannun manoman da suka yi ƙarfin halin komawa gonakin bakin kogi, ya ɗora a manyan motoci. Da ya sami hali sai ya sayi fili a gefen gari, ya ɗauki mahaifiyarsa a mota ya kai ta, ya zaga da ita kusurwa huɗu, ya ce, "Inna, ga gidanki." Ranar ta dawo ta kasa cin abinci don murna.

Kashegari bayan la'asar sai ga ta a shagona, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a kujerar baƙi, ta gyara mayafi, ta ce da Hausarta mai karin Barebari, "Ɗana, an ce kana gina gida a cikin wannan abin kafin a gina shi a ƙasa."

Na ce, "Haka ne, Goggo."

"To gina mini nawa in gani."

Ta san abin da take so dalla-dalla. Zaure a gaba, kuma ƙofarsa ta ciki kada ta yi daidai da ta waje, don mai wucewa kada ya hango tsakar gida. Ɗakinta ya kalli gabas. Ɗaki ɗaya na ƴarta da ke aure wajen Toumour, idan ta zo da yara. Madafa, garken awaki, sai tsakar gida mai faɗi, wadda za a iya baza tabarmi a shanya tattasai. Wannan ta maimaita shi ya fi a ƙirga. Na tambaye ta girman filin, ta ce ita ba ta san mita ba, amma ta taka shi da ƙafarta, kuma ya kusa kai gidanta na ƙauye. Na kira taubashina a waya ya faɗa mini tsawo da faɗi da baki, na fara aiki da su.

Daga nan manhaja ta fara nuna halinta. Ba ta san zaure ba. Tana da sunan ɗakin ajiye mota, da ɗakin cin abinci, har da ɗakin wanki, amma babu zaure. Na yi ɗaki na sa masa suna da hannuna. Da na sa ƙofofin biyu, sai ta riƙa fizgo ta cikin tana daidaita ta da ta waje, ko sau nawa na matsar da ita. Sai da na yi yini ina lalube kafin na gano inda ake kashe wannan karambanin nata. Tsakar gida kuma, da ta ga bango ya kewaye ta, sai ta ɗauka ɗaki ce, ta ɗora mata ƙaton rufi mai tsini irin na ƙasashen da ƙanƙara ke zuba. Na cire, ta mayar. Na sake cirewa, ta sake mayarwa. Daga ƙarshe na bar ƴar tsaga a katanga wadda ido ba ya gani, sannan ta yarda cewa waje ne. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa, aikin rabin yini ya tafi.

Goggo tana zuwa kusan kullum. Ranar da na juya mata zanen ya tashi tsaye, bango da ƙofofi da inuwa, na shiga da ita ta zaure har tsakar gida, sai ta kama baki ta yi dariya har da hawaye. Ta ce in matsa da garken awaki nesa da madafa. Ta ce in sa mata bishiyar dogon yaro a kusurwa. Itatuwan da ke cikin manhajar duk baƙi ne a wurinmu, na zaɓi wanda ya fi kama na dasa mata, ta ce wannan bai sha ruwa ba amma a bar shi.

Abin da ya rage shi ne in ɗora gidan a kan ainihin iyakar filin, don meri ba ta karɓar zane sai da awon ma'aunin filaye, wanda muke kira jometir. Na nemi taubashina ya turo mini awon. Ya yi ta ja mini rai, yau yana Bosso, gobe mota ta lalace, har dai ya turo ta waya. Na shigar da shi cikin manhaja. Nan take wani jan layi ya ratsa tsakiyar tsakar gidan, ya bar zaure da garke da rabin filin shanya a waje, akwatin nan kuma ya fito yana cewa gini ya haura iyaka.

Ban damu ba da farko. Na ce tsohuwar matsala ce, awon jometir da mita yake, ita kuma ta karanta shi da ƙafa. Na sauya. Filin ya ƙara tsukewa ya koma kamar akurkin kaji. Na mayar, jan layin ya dawo inda yake. Na rufe na buɗe, na sake shigar da awon, na gwada shi a sabon shafi. Na kira wani abokin karatuna a Damagaram, ya ce wataƙila manhajar jometir ta fi tawa sabunta, shi ya sa suke samun saɓani. Na tura masa, ya juya awon zuwa tsohon tsari ya dawo mini da shi. Babu abin da ya canza. Har na goge manhajar gaba ɗaya na sake sa ta, abin da ya ci mini kwanaki, don mutumin Maiduguri ya bar gari, sai da na bi ta hannun wani kafin na sami kwafi. Ayyukan mutane suka taru, wasu suka kwashe takardunsu suka tafi wani wuri.

Goggo ta ga layin. Ta nuna shi da yatsa ta ce, "Wannan jan zaren fa, ɗana?"

Na ce, "Kwamfuta ce ta rikice, Goggo. Zan gyara."

Ta ce, "To a yi mata addu'a."

Taubashina ya biyo ta shagon wata rana da hantsi, na nuna masa. Ya leƙa allon kaɗan ya kau da kai, ya yi dariya ya ce, "Bawana, injinka ya tsufa kamar kai. Ka matse gidan ya shiga cikin layin mana, ka huta."

Na ce, "Yaya, in matse gida saboda kuskuren inji? Idan aka zo gini fa?"

Ya ce, "Kai dai ka cika gardama," ya fita yana amsa waya.

Da dabara ta ƙare mini, sai na ce bari in je in auna filin da hannuna, in shigar da awon da kaina, in rabu da na jometir. Na ɗauki igiyar awo da safe na hau adaidaita har ƙarshen unguwa, na ƙarasa a ƙafa cikin rairayi. Tun daga nesa na hango tarin bulo da magina. Na ɗauka maƙwabci ne ke gini. Da na matso sai na ga katanga ta kai ƙirji, ta raba filin biyu, kuma a rabin da ke kallon hanya an riga an zuba harsashin wani dogon gini marar ɗakuna. Na yi wa babban maginin sallama na tambaye shi na wane ne. Ya ambaci taubashina, ya ce mangaza ce, wurin ajiyar buhunan tattasai.

Na zaga bayan katangar na auna abin da ya saura. Ya yi daidai da awon jometir, ko taƙi bai kauce ba. Jan layin da na yi makonni ina yaƙi da shi, ga shi nan a tsaye da bulo da siminti.

A rumfarsa ta kasuwa na same shi, yana tsaye a kan masu ɗinke buhuna. Na ja shi gefe. Bai yi musu ba, bai ma sunkuyar da kai ba.

Ya ce, "Hayar wurin ajiya tana cinye ni. Da wannan cinikin nake ciyar da ita, da ku ma wani lokacin. Filin shanya take so, to gonar tana ina? Me za ta shanya?"

Na ce, "Ai da sai ka faɗa mata. Ka bar ta tana zuwa shagona kullum tana gyara garken awaki. Ni ma ka gan ni ina fama ka yi shiru."

"Na ce maka ka matse, ka ƙi."

"Ba ka ce mini ka raba filin ba."

Ya ce in bar masa, shi zai faɗa mata da bakinsa idan lokaci ya yi. Na ce lokaci ya yi tun ranar da aka sauke bulo na farko. Na ba shi zuwa Juma'a. Juma'a ta zo ta wuce, yana Bosso.

Ranar Asabar Goggo ta zo kamar kullum, ta tambaya ko injin ya warke. Na kashe allon, na juyo da kujerata, na faɗa mata duk abin da na gani. Ta saurara har na gama, hannunta a kan gwiwa. Ba ta yi kuka ba. Ta juya ta kalli titi, inda ake ɗora buhuna a wata babbar mota.

Can ta ce, "Katangar ta yi tsawo?"

Na ce, "Za ta yi. Mangaza ce."

"Ta wane gefe?"

"Ta gabas, Goggo."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ni na haife shi, ba zan kai ƙararsa wurin kowa ba. Ka yi yadda ya ce." Ta tashi ta tafi, kuma ba ta sake taka shagona ba.

Na cire zaure, na cire garke, na mayar da madafa ƴar rumfa a jikin bango. Ɗakuna biyu da bayan gida da wani siririn fili da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Wannan karon manhaja ba ta ba ni wahala ko kaɗan ba, kafin azahar na gama na buga. Meri ta sa hannu, aka gina.

Ta tare bayan sallar layya. Na je gaishe ta sau da yawa. Rana ba ta shiga filin sai ta take tsaka, kuma idan ana sauke kaya a mangaza yajin tattasai yana biyo iska ya sauka a kanta, ta yi ta tari har idanunta su yi ja. Hanyar shiga wani matsattsen lungu ne a gefen mangazar, inda masu dako ke zama suna shan shayi, sai ta ratsa su duk lokacin da za ta fita. Matar da ta yi shekaru tana noma abin nan da hannunta, yanzu ƙurarsa kawai ke isowa gare ta ta saman bango.

Damina ɗaya ta yi a ciki. Da ruwa ya ɗauke ta aika wa ƴarta cewa tana tafe. Mun yi mata magana a kan rashin tsaron hanyar Toumour, ta ce mutuwa ba ta da unguwa. Ɗanta ya ce zai kai ta da motarsa, ta ce ya bari, ayyuka sun yi masa yawa. Ni na raka ta tasha, na sama mata wuri a gaban wata motar kasuwa, na ɗora ƙullinta a baya. Da direba ya tayar da mota ta leƙo ta taga ta ce in gaishe da mahaifiyata, in ce ta yafe mata zaman da ta yi mana.

Tana can har yanzu, a ɗaki ɗaya da jikokinta. Ɗakunan biyu da ta bari kuwa ba su yi wata a rufe ba aka fasa bangon mangaza aka yi ƙofa zuwa cikinsu, aka cika su da buhuna har rufi.