Kyalla da Ɗakin Bature

Ranar wata Asabar ce, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, an gama yankan dawa, sanyi ya fara leƙowa. Ina tsaye a gindin tsamiyar da ke bayan garinmu, tsakanin Ƙofa da Bagauda, riƙe da daron wankin Inna. Baba yana kwance a ƙasa, ya tura rabin jikinsa ƙarƙashin ɗakin Bature, ba na ganin komai nasa sai dugadugai masu faso. Ya kwance wani noti da sifana, sai ruwa ya ɓalle yana kwarara a kan yashi. Ruwan nan ni na ɗebo shi daga kanal, tulu bayan tulu, har gammo ya cinye mini gashin tsakar ka, ga shi ina kallo ƙasa tana shanyewa. Akuyata Kyalla tana bayana tana jan gefen zanena da baki, cikinta ya yi nauyi, haihuwa yau ko gobe.

Abin da muke kira ɗakin Bature wani farin ɗaki ne na ƙarfe mai taya, wanda ake ja da mota. A cikinsa akwai gado, da murhun gas, da wurin wanka, da kan famfo har uku, a garin da ko rijiyar kirki ba mu da ita. Na wani injiniya ne da ya zo aikin kanal bayan ruwan dam ya cinye tsohon garinmu an kwaso mu nan. Baba ya rasa gonarsa ta gado a ƙarƙashin ruwa, sai ya samu gadin wannan ɗaki. Ina goye a bayan Inna aikin ya ƙare. Baturen ya miƙa wa Baba makulli, ya nuna masa wata takarda da ke manne a bayan ƙofa, ya ce ta bakin tafinta, "Ka kula da shi yadda takardar nan ta ce, zan dawo." Kamfanin ya tattara ya tafi, ba wanda ya sake waiwayar ɗakin, sai Baba.

Baba ba shi da boko, don haka ya ɗauko hedimastanmu ya karanta masa, shi kuma ya rubuta da ajami ya adana a gwangwanin madara. Takardar ta ce duk shekara, kafin sanyi ya shigo, a zubar da ruwan tanki kaf, a buɗe kowane famfo, a hure bututai, sannan a ɗura musu wani magani, in ba haka ba za su fashe. Maganin ne ya ba shi wahala. Sai da ya je wurin wani makaniki a bakin titi, shi kuwa ya haɗa shi da koren ruwan da ake zubawa a lagireton mota, ya rantse masa ai duk abu ɗaya ne. Tun daga nan shekara ta rabu biyu a gidanmu. In sanyi ya wuce mu wanke bututai mu cika tanki, don kada Bature ya sauka ba zato ya murɗa famfo ya ji wayam. In sanyi ya gabato mu zubar. Inna ta yi magana har ta gaji. Takan ce, "Malam, ko tankin nan ka ciro mana mu ajiye a tsakar gida, yarinyar nan ta huta." Amsarsa ba ta canzawa: "Amana ce." Daga nan ba a ƙara.

Ita kuwa Kyalla ba akuya ba ce kamar sauran. Ranar da aka kwashe mutane a manyan motoci, kakata Iya ta bar turminta da gadonta na kara, amma ta rungumo wata 'yar akuya a cinya har nan. Kyalla jikar wannan akuya ce, kuma ita kaɗai ta rage bayan wata cuta da ta share garken unguwarmu. Kafin Iya ta rasu ta damƙa mini igiyarta, ta ce, "Talatu, wannan irin garinmu ce, kada ki bari ya yanke." Ban taɓa ganin garin ba, amma ina da akuyarsa. Ni ke yanko mata harawa, ni ke roƙo mata dusa a gidajen da aka yi surfe. Takan raka ni har bakin makaranta, yara suna tsokanata wai ga Talatu da ƙanwarta, ni kuwa ko a jikina. Na riga na raɗa wa 'ya'yan da ke cikinta suna.

To, a wannan Asabar, da tankin ya tsane, Baba ya ɗauko famfon kekensa ya ɗaura a bakin bututu da tsumma, yana bugawa ina riƙewa, famfunan ciki suna tari suna tofar da sauran ruwa. Sannan ya ɗura koren maganin da mazurari, har ya fito ta ƙasa ya taru a daron da na tara. Abin gwanin kyau, kore shar kamar lemon kwalba. Kullum rami yake haƙawa ya binne ragowar, amma ran nan aka kira azahar bai haƙa ba. Ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Ki tsare daron nan, yanzu zan dawo." Yana ba da baya na jiyo ƙawayena suna 'yar gala-gala a bayan makaranta. Na ce bari in yi zagaye ɗaya. Na yi uku. Da na dawo Kyalla ta tsoma baki a daro tana sha kamar an ba ta ruwan dusa, gemunta ya rine kore. Ashe abin zaƙi gare shi.

Kafin la'asar ta fara tangaɗi, tana karo da danga. Inna ta ɗura mata nono, ta ɗura mata jar kanwa, wani Bafulatani maƙwabcinmu ya zo ya taɓa cikinta ya girgiza kai. Kwana biyu tana kwance a bakin madafa, ba ci ba fitsari, sai nishi, kanta a cinyata. A rana ta uku da hantsi aka ce a sa mata wuƙa kada ta tafi a banza, sai Bafulatanin ya ce naman ma ba zai ciwu ba. Haka ta mutu, aka ja ta bayan gari aka binne, da 'ya'yanta a ciki. Na yi kuka har muryata ta dishe. Baba ya tsaya a kaina, ina jiran ya ce wani abu mai sanyi, sai ya ce, "Ai na ce ki tsare." Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona ni. Na ɗauki laifin nan ni kaɗai na yi ta yawo da shi. Da sanyi ya wuce, ni ɗin dai aka aza wa tulu na sake cika tankin.

Sai da na kai shekara goma sha bakwai, ina makarantar kwana ta 'yan mata, na san abin da muke yi. Malamar kimiyya ta cika kwalba da ruwa ta toshe ta sa a gidan ƙanƙarar firji, washegari ta kawo mana ita a fashe. Ta ce ruwa in ya daskare kumbura yake yi, shi ya sa a ƙasashen da ƙanƙara ke sauka suke zubar da ruwan bututai su zuba magani kafin sanyi. Na ɗaga hannu na ce, "Malama, a nan wajenmu fa, sanyi yana iya daskarar da ruwan bututu?" Aji ya kwashe da dariya. Ta ce, "A Kano? Ko shekara ɗari za ki yi kina jira." Ban ci abinci ba ran nan. Takardar da ke bayan ƙofa ba da mu take ba, da wata ƙasa take. Duk tulunan da na ɗauka, da gashin kaina, da Kyalla, an ba da su ne don tsoron ƙanƙarar da ba ta taɓa zuwa ba.

Da aka yi hutu na same shi a gindin tsamiyar, yana goge tagar ɗakin da tsumma, tayoyin sun daɗe da nutsewa a ƙasa. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na zayyana masa komai. Ba don in kunyata shi na faɗa ba. So nake ya raba laifin nan da ni, ko da rabi ne. Ya tsura wa tsumman da ke hannunsa ido, har na ga leɓensa yana motsi. Can ya ce, "To, amma ai ko bututu ɗaya bai fashe ba." A shekarar ma sai da ya zubar da ruwan ya ɗura maganin, haka kuma ya ci gaba har ƙarfinsa ya ƙare.

Yanzu Baba ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Baturen bai dawo ba, ko wasiƙa. 'Yan gwangwan ne suka zo suka yanka ɗakin gunduwa-gunduwa cikin yini guda, ba wanda ya ko duba lafiyar bututan. Garinmu ya samu burtsatse, 'ya'yan ƙannena murɗa famfo suke yi a ƙofar gida, ba su san nauyin tulu ba, kuma ina yi musu murna. Mutane har gobe suna ba da misali da Baba in ana zancen riƙon amana, ni ma nakan gyaɗa kai, don ban taɓa ganin mai gaskiya irinsa ba. Ina kewarsa, ina kuma jin haushinsa, duka a zuciya ɗaya. Ya riƙe amanar baƙon da ya manta da shi, ni kuwa tawa amanar tana binne a bayan gari.