Kawu Lawal da P da Q Ɗinsa

Kawu Lawal, yayan mahaifiyata, ba ya barin magana ta wuce shi. Da ka faɗa, sai ya zana ta a ƙasa da sandarsa: P nan, Q can, kibiya a tsakani, wato in P ta faru, Q za ta biyo baya. Da jimlolin Turanci ya koyar da wannan ilimi na auna magana a sakandare, da ya yi ritaya sai ya huce a kanmu mutanen Jibiya.

A tashar Maraɗi ɗan kamasho ya ce masa, "Malam, in mota ta cika mu tashi."

"In ba ta cika ba fa?"

"Sai mu jira."

"Ba ka hwaɗi haka ba."

Yana duƙe yana zane, motar ta cika ta bar shi.

Matarsa Inna Rabi ta taɓa tambayarsa, "Hura ko kunu?" Ya ce wannan tambaya ba ta hana duka biyun ba, ya shanye su tas. Ta ce, "Gobe ba hura, ba kunu. Zana wannan."

Dariya muke masa, har ranar da abin ya zo kaina. Lokacin an dawo da Shari'a, ba a wasa da furucin saki. Mijina Sale direba ne mai saurin fushi, igiya ɗaya ta rage mana. Ya ce, "In kika tai Maraɗi kika kwana, a bakin aurenki." Na je Maraɗi sunan jaririn ƙanwata, na dawo kafin magariba. Danginsa suka ce tunda na je, aure ya mutu. Na yi kuka har na gode Allah, shi ma Sale ya kasa cin abinci.

A gaban liman, Kawu ya sa Sale ya maimaita furucinsa.

"Zuwa da kwana P, saki Q. Ta tai?"

"Ta tai."

"Ta kwana?"

"A'a."

"To sharaɗi biyu ka ɗaure tare, guda ya cika."

Liman ya tambayi Sale niyyarsa, ya rantse kwanan ya hana. Aka ce aure na nan. Kawu ya dubi Sale ya ce, "Kai kuma, in ka sake, ni ne Q."

Bai sake ba. Da mijina na zo jana'izar Kawu, autanmu na bayana. Allah, yadda ya riƙe mini gidana, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka gafarta masa ba tare da wani sharaɗi ba.