Shanun Mai Allura Ne Na Ƙarshe

Etabo bai taɓa leƙa aji ba, amma duk kudancin ƙasar Turkana ba wanda ya kai shi iya soka wa saniya allura. Kafin allura kuwa, bindiga ya iya. Yana saurayi 'yan ƙabilar Pokot suka kore garken ubansa, suka harbe wansa a bakin rijiya. Ya je ya rama, suka dawo suka rama ramuwar. Haka aka yi ta yi har ciwon huhu ya faɗa wa shanu, ya nuna wa ɓangarorin biyu cewa su ƙananan ɓarayi ne.

Ana cikin haka sai ga likitocin dabbobi a farar mota, aka ce ƙasashen duniya ne suka haɗa hannu suka turo su. Suka ce in ba a yi wa shanun Pokot da na Turkana rigakafi tare ba, an yi aikin banza. Su suka koya wa Etabo aikin. Dattawa suka taru a gindin bagaruwa, aka yanka farin sa, aka shafa wa juna abin cikin tumbinsa, aka rantse a kan sharaɗi biyu. A shingen allura saniyar Turkana ɗaya, ta Pokot ɗaya, bi da bi. Shanun mai allura kuwa su ne na ƙarshe, don kada a ce ya yi son kai.

Shekara goma sha ɗaya ba a ji ƙarar bindiga a rijiyar nan ba. Rionoki, dattijon Pokot da ake raɗe-raɗin yana cikin maharan da suka kashe wan Etabo, shi ya zama mai riƙe masa ƙahon saniya in zai yi allura.

"Uban Meri, soka a hankali mana! Ko haushin da ne bai huce ba?"

"Riƙe dai da kyau, tsohon ɓarawo. Ai ka saba riƙe saniyar da ba taka ba."

Meri shi ne san Etabo mai roɗi-roɗi. Tun yana maraƙi ya lanƙwasa masa ƙaho da dutse, ya yi masa waƙa, kuma da sunansa ake kiran Etabo, kamar yadda ake kiran kowane namiji a nan da sunan san da yake ji da shi.

To, bana motar ta zo da akwatin ƙanƙara biyu na maganin rigakafi maimakon huɗu. Direban ya kasa haɗa ido da Etabo. "Baba, masu aikowa sun ce su ma wuta ta kama a gidajensu. Wannan ma da ƙyar." Assha! Mutanen da ba su taɓa jin sunan rijiyar ba, su ke riƙe da zaman lafiyarta, ga shi sun saki ba ko sallama. Alhali an riga an fara jin tarin shanu daga yamma.

Matarsa Asinyen ba ta yi kwana-kwana ba. "Ka yi wa namu, ka aika wa 'yan Pokot cewa mota ba ta zo ba. Wa zai sani?"

"Ranar da nasu suka fara zubewa namu na tsaye, za su sani. Kin manta inda muka binne wana?"

"To ka fara da Meri. Allura ɗaya tak, haba!"

Tsoro ya kama Etabo ƙwarai, don ya san tana da gaskiya. Amma ya aika aka kira kowa. Ya buɗe akwatunan a gaban dattawa, kowa ya ga iyakar abin da ke ciki. Aka fara, ɗaya nan, ɗaya can. A kwana na uku da hantsi kwalbar ƙarshe ta ƙare, rabin shanun kowane ɓangare na waje, nasa na can ƙarshen layi. Rionoki ya dube su, ya dubi Etabo, ranar bai yi tsokana ba.

Kafin wata biyu Meri ya fara tari. Ya tsaya ya buɗe ƙafafun gaba, ya miƙe wuya yana nishi. Etabo ya zauna gabansa yana rera masa waƙarsa har ya faɗi. Dattijo mai furfura ya yi kuka a bainar jama'a, ba wanda ya ga laifinsa.

Bayan kwana shida Rionoki ya zo da ƙafa, ya ajiye 'yar kujerarsa ya zauna.

"Shanuna arba'in sun tafi," in ji shi. "Samarinmu sun tono bindigogi suna shafa musu mai. Na ce musu mai allura ma nasa san ya mutu don ya bar shi a ƙarshen layi, sai suka mayar. Bana ke nan. Baɗi me zan ce musu, uban..."

Maganar ta tsaya nan, don ba sauran sunan da zai ƙarasa da shi.

Etabo ya juya yana kallon hanyar da mota ke ɓullowa. "Baɗi ba ni da wani san da zan ba ka," ya ce.