Kaskon Nisan

A unguwarmu ta Condet, in azumi ya raba tsakiya, ƙamshin dodol ɗin gidan Nisan ke fara karya wa mutane niyya. Shi da ƙanensa Jiung suke yi a ƙaton kaskon tagulla da suka gada: garin shinkafa, madarar kwakwa, jan sukari, sai tuƙi tun safe har la'asar. Wannan ya gaji, wancan ya karɓi muciya. Ka tsaya sosa ƙeya, gindin kasko ya kama.

Wata shekara kuwa ya kama. Nisan, mutum mai baki kamar an saka masa barkono tun a zanen goyo, ya zage Jiung tas a gaban surukan ƙanen.

"Raggo! Ko kunu ba ka iya damawa!"

Jiung ya jingine muciya ya koma gidansa a hayin kogi. Da azumi ya zagayo ya aiko aron kasko, Nisan ya ce kasko ba ya nan. Kaskon da ake hangowa daga titi!

To, a wurinmu ƙane ne ke kai wa wa dodol ranar Salla, ya nemi gafara. Nisan ya sha sabuwar hula ya zauna a baranda yana jira. Shekara ta bi shekara, hula ta koɗe.

Matarsa Saodah ta gaji. "Kai dai, Malam! Ka riƙe kasko, ka ce ya kawo dodol. A tafin hannu zai tuƙa? Ka san ba zai zo maka da na kanti ba."

"Ni ne babba."

"Eh, har a taurin kai."

Sai bana Nisan ya ɗora kaskon a amalanke, yana ta faɗa wa kowa gyara zai kai. Da ya haye kogi, ya sami Jiung a kujera, hannun dama ya shanye tun bara, ba wanda ya gaya wa Nisan.

Jiung ya dubi kaskon, ya dubi wansa. "Yaya, ka makara."

Nisan ya sauke kaskon. Ya hura wuta a tsakar gida, ya kama tuƙi shi kaɗai, yana haki, yana goge ido wai hayaƙi ne. Babu mai karɓar sa.

"Gefen hagu, tsoho," in ji Jiung a hankali. "Yana kamawa."