Dakalin da Muka Fasa a Manshiya

Shekarun da arzikin man fetur ya malale Sabha ta ƙasar Libiya, gini muke yi kamar ana korarmu. Ni lebura ne daga Damagaram, ina kwana a unguwar Tayuri, ina wuni a unguwar Manshiya da buhun siminti a ka. Gidajen duk kamarsu ɗaya: bango huɗu, ƙofar ƙarfe, tagogi biyu. Tun kafin su bushe nake gajiya da ganinsu.

Maginin da nake ƙarƙashinsa dattijo ne Batamile daga kudancin Indiya, muna ce masa Usta. Larabcinsa gurgu, nawa ma gurgu, shi ya sa muka fahimci juna. Ga shi da mita. In mun zauna cin burodi a inuwar kamyo, babbar motar kayan gini, sai ya ɗauki ƙusa ya zana gidan garinsu a ƙasa: tsakar gida a buɗe tana kallon sama, a waje kuma, dama da hagun ƙofa, dakali mai rumfa da ginshiƙan katako. Tinnai suke kiransa. Nan matafiyi ke sauke kaya ya huta ba sai ya roƙi kowa ba, nan tsofaffi ke raba gardama, nan wanzami ke aski.

Na ce, "Usta, ai mu ma muna da dakali a gida."

Ya ce, "To ina yake a nan? Gida nawa muka gina, babu inda ɗan Adam zai ɗora ɗuwawu!"

Wa'adin aikinsa ya kusa cika, ya kafe sai ya bar gida ɗaya na mutunci kafin ya tafi. Gidan ƙarshe na wani ɗan kasuwa ne Bafezzane, ɗan asalin yankin, da ya yi tafiya Tarabulus. Usta bai tambayi kowa ba, don a wurinsa dakali ba abin neman izini ba ne. Ya cinye mini hutun Juma'a biyu muna gina dakali a ƙofar gidan. Ya shafe shi da jan siminti, ya yi ta gogawa da dutse har yana ƙyalli. Ina ƙunƙuni ina miƙa masa ruwa, amma wallahi ya yi kyau. Kafin mako ya zagayo, tsofaffin layin sun same shi, har da mai kawo butar shayi.

Sai mai gida ya dawo da sabuwar mota fil. Bai yi faɗa ba. Ya shafa dakalin, ya yaba, sannan ya ce, "Ya Usta, motar fa, a ina zan ajiye ta? Kuma akwai iyali, ba na son zaman maza a ƙofata." Ya dube ni ya ce in kawo guduma.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma lebura ba shi da ta cewa. Na ɗaga na maka a tsakiya da haushi, ƙasa ta amsa. Usta ya taso ya riƙe hannuna. Na ɗauka hana ni zai yi, har na ji daɗi.

Ya ce, "Ba haka ba, za ka tsaga wa mutum bango."

Ya durƙusa da ƙyar, ya ja layi da alli inda dakalin ya haɗu da gida, ya nuna mini ta inda zan fara. Shi ya riƙe mini ƙarfen kurfi, ina dukan kansa da guduma, har muka gama.