Maƙalar da Yaya Rabi ta janye da hannunta

Bana shekara bakwai ke nan da muka binne yayata, Dakta Rabi, a maƙabartar da ke bayan unguwarmu a Isa. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, ban saba rubutu a jarida ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, har yanzu in an ambaci sunanta cikin 'yan boko, sai ka ji wani ya ce, "Ai ita ce wadda aka soke wa bincike." Ina so masu karatu su ji yadda abin ya faru daga bakin wanda aka yi a gabansa.

Yaya Rabi malama ce a sashen haɗa magunguna na wata jami'a. Son magani kuwa tun tana yarinya ta ɗauko shi a Gangara, wurin Kawu Bawa, yayan mahaifiyarmu, wanda ya yi suna wajen maganin gargajiya. In an yi hutu can ake kai mu. Ni ina wasa da yara, ita tana biye da shi cikin fadama, tana riƙe masa buhu, tana tambayar sunan kowane ganye. Da mahaifinmu ya rasu, dangi suka ce karatun ya isa haka, Kawu ne ya tsaya kai da fata har ta wuce jami'a. Shi ya sa babban burinta shi ne ta shigar da ilimin Kawu cikin littafin masana, a san cewa a Gobir ma akwai masu sani.

Kawu yana da wani gari da yake ba masu ciwon suga, na saiwar wata itaciya. Ba za ni faɗi sunanta ba, don kada wani ya tafi nema. Mutane suna yabon garin nan ƙwarai, ɗansa Sahabi yana kai shi kasuwanni har cikin Nijar. Yaya ta yanke shawarar ta gwada shi a ɗakin gwaji. A lokacin tana da tsohon ciki, ga damina ta lalata hanya, sai ta aika aka kawo mata garin a dake. Ta ba ɓerayen gwaji, sugansu ya sauka sarai. Ta rubuta maƙala tare da farfesan da ke shugabantar sashensu, masana suka duba, wata mujallar kimiyyar magunguna ta buga.

Na tuna ranar da ta kawo mujallar gida. Kawu bai iya karatun boko ba, amma ya karɓa da hannu biyu, ya sa ta nuna masa layin da aka rubuta sunan itaciyar, ya daɗe yana shafa wurin da yatsa. Sahabi kuwa ya sa aka yi masa hoton shafin farko, ya rufe da leda, yana ɗaga shi a kasuwa yana cewa jami'a ta tabbatar.

Bayan ta haihu ta yaye, ta so ta ci gaba da aikin, ta gano abin da ke cikin saiwar mai sauke suga. Wannan karon da kanta ta zo, ni na kai ta fadama a kan babur, muka haƙo, ta tafi da ita ɗanya. Ta shanya, ta niƙa, ta ba ɓeraye. Babu abin da ya motsa. Ta ɗauka ko lokacin haƙar ne bai dace ba, ta dawo da rani ta sake. Nan ma shiru. Sai ta ɗauko ragowar garin farko da ta adana, ta bincike shi. Abin da ta samu a ciki ƙwayar ciwon suga ce ta asibiti, an daka an gauraya.

Farfesan ne ta fara gaya wa. Yadda ta ba ni labari, ya rufe ƙofar ofis, ya yi mata magana a hankali kamar uba. Ya ce ba ita ta zuba ƙwayar ba, ba ta ƙirƙiri lamba ko ɗaya ba, abin da ta gani ta rubuta. Ya ce mutum nawa ne ke karanta mujallar, ta bar maƙalar ta mutu da kanta. Ya tuna mata takardunta na ƙarin girma suna gaban kwamiti, kuma da sunansa a kan aikin. Ta ce da ni ba ta ga mugunta a fuskarsa ba, tsoro ta gani, kuma ita ma tsoron take ji.

Kafin ta rubuta wa editan mujallar, ta ce sai ta ga Kawu. Na raka ta Gangara. Muka same shi a zaure yana tsince sassaƙe a tabarma. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya dube ta ya ce, "Rabi, lahiya? Mi kika zo da shi?"

Ta ce, "Kawu, garin da anka kai mani, akwai ƙwayar asibiti ciki."

Ya ce, "Ni da hannuna na haƙo saiwar."

"Na sani, Kawu. Wa ke daka maka?"

Duk mun san tunda ƙarfinsa ya ragu Sahabi ke daka. Aka kira shi, ya yi ta rantsuwa, daga baya ya sunkuyar da kai ya ce masu saye sun fi son abin da za su ji aikinsa nan take. Kawu ya kore shi daga zauren, ya juyo ga Yaya ya ce, "To, na ji. Na hana shi, mun gyara cikin gida. Mi za ya kai mu ga shaida ma duniya?"

Ta ce, "Kawu, duniya na riga na shaida mawa. Da sunana anka buga cewa maganin ga na aiki. In ban koma na ce ba haka ba ne, wani can wata ƙasa za ya karanta ya yarda, ya ɗora nashi aiki bisa."

Ya ce, "Ni na tsaya kika yi karatun ga. Ashe wuƙar da za a yanka ni da ita nika wasawa." Ya tashi ya shige gida. A hanyar dawowa ina jin kukanta a bayana a kan babur.

Ta rubuta wa editan. Ta ɗora laifin a kanta, ta ce ita ce ta karɓi gari a dake ba ta tantance shi ba, alhali ƙa'idar aikin ita ce mai bincike ya san abin da ya gwada tun daga tushe. Ba ta ambaci Kawu ba, ba ta ambaci Sahabi ba. Mujallar ta buga sanarwar janyewa. Jami'a ta kafa kwamiti, aka wanke ta daga zargin maguɗi, amma ƙarin girman ya wuce ta, waɗanda ta koyar suka zo suka tarar da ita a matsayi ɗaya. Farfesa bai ƙara sa ta cikin wani aiki ba. A Gangara kuwa magana ta fita ta bakin wasu, masu zuwa wurin Kawu suka ragu, shi kuma ya daina zuwa gidanmu. Mahaifiyarmu ta shiga tsakanin yayanta da ɗiyarta, har ta bar duniya ba ta ga sun zauna tabarma ɗaya ba.

Abin da ya fi damun Yaya shi ne shafin nan da ke yawo a kasuwa, don wasu masu talla sun kwafa daga na Sahabi. Duk hutu sai ta sa in kai ta kasuwar Sabon Birni. Ta bi rumfunan masu magani ɗaya bayan ɗaya, ta ce ita ce mai sunan da ke jikin takardar, kuma ta janye maganarta. Wani makiyayi, Jaɓɓi, ya tare ta ya ce shi kam garin yana yi masa aiki. Ta tambaye shi ko yana shan na asibiti. Ya ce yana haɗawa. Ta ce bai taɓa jin jiri da zufa mai sanyi ba? Ya ce kwanan baya ma ya faɗi cikin shanu, sai da aka ɗura masa ruwan rake ya farfaɗo. Ta zauna a kan buhun gero ta yi masa bayani, da Hausa da 'yar Fillancin da ta iya, cewa ƙwaya biyu yake sha bai sani ba, kuma ba wanda ya san yawan ta cikin garin.

Ciwon daji ne ya ɗauke ta. Da ciwon ya yi tsanani na aika wa Kawu. Ya yi kwanaki bai taso ba, ranar da ya taso kuma ita ce ranar da ta cika. Ya iso mun dawo daga maƙabarta. Ya zauna cikin masu karɓar gaisuwa har mutane suka watse, sannan ya kama hannuna ya ce, "Na taho in ce mata ban riƙe ta da komi ba. Gaskiya ta hwaɗi." Yanzu yana zaune tare da mu a Isa, tunda zaman ƙauye ya gagara saboda rashin tsaro, kuma dajin da yake haƙa ba ya shiguwa. Ya tsufa ƙwarai. Ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce "ɗiyar nan tawa".

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Shafin farkon nan bai mutu ba, ya koma waya. Kwanan nan wani abokin aikina ya turo mini shi a wasaf, yana tambaya ko 'yar'uwata ce, ko za ni samo masa garin. Sanarwar janyewar kuwa ba mai tura ta. Wani tsohon ɗalibinta, wanda yanzu yake koyarwa, ya gaya mini akwai mujallun da in ka biya za su buga maka kafin mako ya zagayo, ba wanda ya duba. Akwai masu sa sunan juna a aikin da ba su taɓa gani ba, don kowa ya cika adadin da ake nema. Ya ce matsin ya fi na zamaninta. Ina jin da ba za ta yi dogon wa'azi ba, ba halinta ba ne. Tambaya ɗaya take yi wa ɗalibanta in sun kawo sakamako mai kyau: ka sake gwadawa? Shi wannan ɗalibin ya ce har yau ba ya iya aika maƙala sai ya ji muryarta tana tambayarsa.

Ɗiyarta Luba, wadda Yaya take ɗauke da cikinta lokacin binciken farko, yanzu ta zama budurwa, tana makarantar da nake koyarwa. A hutun da ya wuce ta rubuta sunan mahaifiyarta a wayata, abin da ya fara fitowa shi ne maƙalar, da jan rubutu a gicciye a kanta mai cewa an janye ta. Ta kawo mini tana tambaya, "Kawu, Mama ƙarya ta yi?"

Na ce ta zauna. Na ba ta labarin nan kamar yadda na ba ku, ban rage komai ba. Na ce mata mahaifiyarta ta yi kuskure, ita ta gano shi, da farko ba wanda ya sani sai ita da farfesan da ya roƙe ta ta yi shiru. Na ce jan rubutun nan ita ta nemi a sa shi, ta san kuma abin da za ya ci mata.

Yaya Rabi ba ta zama farfesa ba, ba ta gano wani sabon magani ba, ba a sa wa ko aji ɗaya sunanta ba. Abin da ta bari shi ne gyara guda ɗaya a cikin littafin masana, da ɗalibai 'yan kaɗan masu jin nauyin abin da suke sa wa hannu. Luba ta miƙo mini wayar, ta ce in buga mata shafin a takarda, da jan rubutun, tana so ta ajiye. Na buga mata. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ta huta.