Malam Ban-Gani-Ba

A kan kwalbar fitsari Matar Yaya ta yi faɗanta mafi girma da Auta. Ita matar babban wansa ce, haka yake kiranta tun bakinsa bai gama buɗewa ba. Shi kuma autan gidan ne, an kawo ta amarya yana yawo ba wando, a hannunta ya ƙarasa girma. To, shekarar da ƙafafunta suka fara kumburi, kanta yana sara kamar ana faskare a ciki, sai ta ce ina amfanin ƙanin miji da ake ce wa Dakta in har mutum zai je ya bi layin asibiti. Ta wanke kwalbar maganin tari tas, ta cika ta, ta ƙulle a leda, ta hau mota har wurin aikinsa.

Ya fito mata baranda da farar riga da safar hannu. Ya dubi kwalbar kamar an miƙa masa mataccen ɓera.

"Matar Yaya, wannan ba za ta yi ba. Akwai sauran zaƙin magani a jikinta, za ta yi min ƙarya."

"Da sabulu na wanke ta."

"Sabulun ma ƙarya yake yi."

"To, kowa maƙaryaci ne a duniya sai kai."

Ya ba ta wata 'yar roba mai jan murfi, ya nuna mata bayi. Bayan nan ta zauna a benci, ƙafa tana zugi, tana kallon masu fararen riguna suna wucewa ba mai sallama. Sai da rana ta karkata ya dawo yana cire safa.

"Ban ga komai ba," ya ce.

"Alhamdulillahi. Wato lafiyata ƙalau."

"Ban ce ba. Na ce ban gani ba."

"Mene ne marabarsu?"

"Abin da na nema ne ban gani ba. Ko dai babu shi, ko yana nan bai kai yawan da zan gan shi ba, ko kuma abin da ke damunki ba shi na nema ba. Ki je wurin likita."

Nan ta miƙe, kumburin ƙafa bai hana ta ba. Ta ce masa, kai da na goya har zanina ya haddace ɗumin fitsarinka, yau nawa fitsarin ne ka kasa faɗa min gaskiyarsa? Ta ce Yaya ya ƙarar da idonsa a kan keken ɗinki don a yi maka karatu, ashe karatun iya kwana-kwana aka biya. Ta faɗi wasu da ba sa maimaituwa. Shi dai yana tsaye yana murza babban yatsansa, bai ƙara ko kalma a kan abin da ya faɗa ba, bai kuma rage ba.

Ta je wurin likitan, don haushi. Aka ɗaura mata abin awo a damtse aka ce hawan jini ne, ya yi sama sosai. Ba ta taɓa ce wa Auta ya yi gaskiya ba. Abin da ta yi shi ne ta raɗa masa suna, Malam Ban-Gani-Ba, kuma sunan ya kama shi har 'ya'yansa suna faɗa a bayan idonsa.

Tun farko dangi likita suka sa ran samu. Da ya dawo da Dakta a gaban sunansa, kowa ya zo da ƙurjinsa da ciwon bayansa. Sai ya ce shi ba likitan mutane ba ne, shi abin da ya karanta shi ne sinadaran da ke narke a cikin jini da fitsari, da yadda suke canzawa in jiki ya fara lalacewa. Matar Yaya ta ce, wato Dakta ne wanda ko allura ba ya yi, kamar a ce direba amma bai iya tuƙi ba, man motar kawai yake sansana. Ya yi dariya ya ce kusan hakan ne.

Abin da ya sa a gaba kuwa, daga mutuwar uwarsu ya samo shi. Ƙoda ce ta kashe ta, kuma ba a gane ba sai da ta kusa ƙarewa. Auta ya ce haka ƙoda take, ba ta kuka sai ta gama mutuwa, amma tun da wuri tana zubar da wani abu ɗan kaɗan a fitsari, in da mai gani. Shi yake so ya yi wa tarko. 'Yar takarda siririya, ba ta fi tsinken ashana biyu tsawo ba, wadda kowace ma'aikaciyar ƙaramin asibiti za ta tsoma ta jira. Layi ɗaya ya fito, takardar tana da rai kuma ba ta ga ciwo ba. Layi biyu, a garzaya da mutum. Da ya faɗa mata, ta ce wannan ai aikin wata ɗaya ne. Lokacin ko furfura ɗaya ba shi da ita.

Takan shiga ɗakin gwajin nasa wasu lokuta, in ta kawo saƙo. Ɗaki ne mai sanyi kamar an yi fushi da shi, mai warin da ke kama maƙogwaro. Dogayen tebura, kwalabe a jere kowace da rubutu a goshi, ga wata na'ura mai wulwula jini har ya rabu, ja ya kwanta, rawaya ya taso. A kusurwa babban firji yana gurnani ba dare ba rana. Shi kuma a sunkuye, riƙe da wani abu kamar biro mai tsotsar ɗigo, yana danna shi da babban yatsa. Ɗigo nan, ɗigo nan, ɗigo nan. In ya gama ya zubar, ya sake daga farko, wai sai abu ya maimaita kansa kafin a yarda da shi. Ta ce ita ko miya sau ɗaya take ɗanɗanawa. Wannan yatsan har ya karkace, ya daina miƙewa.

A firjin nan yake tara fitsarin marasa lafiya da ya bi asibitoci yana roƙo, kowace roba da tarihin mai ita. A wani dogon hutu wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, ba wanda ya kira shi. Da aka dawo komai ya narke. Matarsa ce ta kira Matar Yaya ta ce ki zo ki ga ƙaninki, ni na kasa. Ta tarar da shi gaban wurin wanke hannu yana buɗe robobin ɗaya bayan ɗaya yana tuttulewa, yana karanta rubutun kowace kafin ya jefa ta a kwandon shara. Ta tsaya a bakin ƙofa har ya gama. Washegari ya ɗauki jakarsa ya koma bin asibitoci.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Yaya ya rasu. 'Ya'yan Auta suka girma suka watse. Matarsa ta ce ita ƙeyar mutum ta aura, don ko a gida bayansa take gani yana duƙe a kan takardu, kuma ta daina tambayar yaushe za a gama. Sa'o'insa suka zama shugabanni, suka yi tumbi, shi yana nan da tsohuwar motarsa da sai an tura. Duk wanda ya tambaye shi aikin, sai ya ce ana kai. Ko "saura kaɗan" ba ya faɗa, don wai bai auna ba.

Sai ga shi wata rana abin ya yi. Takardar ta fara kama ciwon, ta kama, ta sake kamawa. Wani kamfani ya ji labari ya turo mutuminsa, mai ƙamshin turare da takalmi mai ƙyalli. Aka ce za a buga ta da yawa a kai ko'ina, abin da ya rage kawai Auta ya sa hannu cewa ta inganta. Matar Yaya har ta fara faɗa wa maƙwabta cewa ita ta goye shi.

Shi kuwa sai ya kwashi kwali guda na takardun ya zuba a but ɗin motarsa, ya bar ta a rana tsawon lokacin zafi. Wai a ɗakinsa mai sanyi ya gwada ta, alhali ba a ɗaki mai sanyi za ta yi aiki ba. Da ya fito da takardun ya tsoma su a fitsarin waɗanda ya san tabbas suna da ciwon, layin farko ya fito raɗau, na biyu ya ƙi. Zafi ya kashe mata ido amma ya bar mata baki. Tana cewa lafiya lau, ga mutum ƙodarsa tana mutuwa.

Mutumin kamfani ya ce wannan ai mai sauƙi ne, a rubuta a jikin kwali a ajiye a wuri mai sanyi. Auta ya ce wuraren da ya yi ta dominsu ba su da firji, in ma suna da shi ba su da wuta. Shugabansa ya kira shi ya rufe ƙofa, aka ji muryar shugaban har baranda. Bai sa hannu ba.

Matar Yaya ta same shi a gida, ta ƙi ko zama.

"Sa hannu ka huta, bawan Allah. Ka tsufa a kan tsinken takarda. Ko wasu ta kama ai an rage."

"Waɗanda ba ta kama ba fa?"

"Da can ma wa ya kama su?"

"Da can suna tsoro, Matar Yaya. Wadda ba a gwada ba, in ƙafarta ta kumbura za ta nemi likita. Wadda aka ce wa babu, gida za ta koma ta shimfiɗa tabarma ta yi barci."

Ta dubi ƙafafunta, ta dube shi. Ta ce taurin kai dai na gidanku ne, Yayanka ma haka ya mutu yana gardama da mai allura. Ta ja mayafinta ta fita.

Kamfani ya tafi bai waiwayo ba. Masu ba da kuɗin bincike suka ce sun gaji da jira. Lokacin ritayarsa ya zo, aka yi masa ɗan taro a ɗakin shan shayi, aka ba shi agogon bango. Wata ɗalibarsa, mai shiru-shiru kamar shi, ta roƙi a bar mata kwalayen da robobin firji, ta tafi da su inda ta sami aiki, ta ce za ta nemo abin da za a shafa wa takardar ta jure zafi. Ya ce mata Allah ya taimaka, kamar mai yi wa matafiyi addu'a a hanyar da ya san ramukanta.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Yakan zauna a kujerar roba a baranda, agogon yana bugawa a falo, babban yatsansa yana danna iska shi kaɗai, ɗigo nan, ɗigo nan. Zuciyarsa ta fara ba shi wahala, hawa matakala biyu sai ya tsaya. Magani kuma sai matarsa ta tsaya a kansa.

Matar Yaya ta je duba shi, tana dogara sanda, tana zagin matakalar gidan tun daga ƙasa. Ta tarar ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ta zauna tana haki, ta ce ita da ta girme shi ga ta tana yawo, shi ya kwanta yana lalaci.

"Yarinyar nan taka fa, mai kwalaye?"

"Takan kira. Wai ta gwada wani abu, ya ɗan jure. Wai za ta sake."

"To ai ana kai."

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. Ya daɗe yana kallon titi, inda wani mai gyaran taya yake ta bugun ƙarfe.

"Matar Yaya, zaman nan da nake yi, na duba rayuwata sama da ƙasa. Idon Yaya da ya ƙare a kan keke. Matar nan da na bari tana magana da bango. Na duba me na fitar, ko mutum ɗaya da zan ce takardata ta cece shi." Ya juya tafin hannunsa. "Babu."

Da ta san kafin ta sake hawa matakalar nan za a yi mata waya a ce ya cika, da wataƙila ta sassauta murya. Ba ta sani ba. Don haka ta buga sandarta a ƙasa, ta miƙe da ƙyar, ta tsaya a kansa kamar ranar da ta kama shi yana shan sukari a kicin.

"Kai, Auta, kar ka raina min hankali. Ni ka shanya a benci da ƙafa a kumbure, ka hana ni kalmar nan ta 'babu', na roƙe ka ka hana ni. Ka hana mai turare, ka hana shugabanka. Yau don ta zo kanka ne za ka same ta da araha? Yarinyar tana can tana tsomawa, kai kana nan a kujera, me ka auna? Sai dai ka ce ba ka gani ba. Iyakar abin da zan bari ka faɗa ke nan. Miƙo hannu ka karɓi maganinka, ni mota zan nema."